Hannun Hagu a Taron Kebbe

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi Kebbe haɗa kan masu zane ba, don saura ƙiris in raba su har abada.

Lokacin ina koyar da zane a wata sakandare a Tambuwal, ni ne kuma sakataren ƙungiyarmu. Ba mu da yawa: masu rubuta allon shago, masu yi wa mota da babur ado, sai mu malamai biyu. Kebbe ma suna da tasu ƙungiyar, wadda ta girmi tamu nesa ba kusa ba, akasarinsu masu zayyanar allon saukar Alƙur'ani ne da mata masu zanen ƙwarya. Abin da ya kawo maganar haɗewa shi ne wani attajiri da ya yi alkawarin ba da ɗaki a bakin babban titin Tambuwal, a riƙa baje kaya matafiya suna gani. Sharaɗinsa guda ne: ƙungiya ɗaya zai miƙa wa makulli, ba ya son rigima.

Mu muna so, don mun san allon "ana cajin waya a nan" ba ya tsayar da matafiyi, ƙwaryarsu ce za ta tsayar da shi. Su ma suna so, don da damina mai saye ba ya ratso hanyarsu. Sai dai suna ɗari-ɗari da mu.

Ni kuwa sai na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Mako biyu na yi ina zana tambarin sabuwar ƙungiya a kan faifan katako mai faɗi: hannuwa biyu suna musafaha, ɗaya na Tambuwal, ɗaya na Kebbe. Ban bar kowa ya gani ba. Maiɗakina ta ce in buɗe mata, na ce ta jira ta ji labari. Shugabanmu Alhaji Sahabi, dattijon da ya yi shekaru yana rubuta allon shago, ya roƙa har sau biyu, na ce abin mamaki ba a ɗanɗana shi. (A raina har na fara tsara yadda zan sunkuyar da kai cikin tawali'u idan tafi ya yi yawa.)

Ranar taro na naɗe faifan da zanen gado, na ɗaure a bayan babur. A wani ajin firamare aka zauna, mata a gefe ɗaya, maza a ɗaya. Bayan addu'a, Malam Bube, shugaban 'yan Kebbe, wanda zayyanarsa ta zagaye ƙasar, ya gyara murya.

"Abin da nika tsoro guda na," in ji shi. "Ku masu takarda na. In anka haɗe, rubutu naku, makulli naku, mu ko mu koma masu kawo kaya."

Alhaji Sahabi ya rantse ba haka ba ne, ya ce shi kansa aji huɗu ya yi. Sai Inna Kulu, tsohuwar da ke jagorantar mata, ta ce ita tambayarta ƙarama ce: idan baƙo ya ɗauki ƙwarya ya ce wa ya yi wannan, sunan wa za a faɗa, na ƙungiya ko na matar da ta ƙona yatsunta? Aka yi ta ja har rana ta take, wasu ma suka fara laluben takalmansu.

Nan na ga lokacina ya yi. Na miƙe, na jingina faifan da allon aji, na fara jawabi. Allah ya yafe mini, jawabin ya yi tsawo. Na ce haɗewa za ta kawo musu ilimin zamani. Na ce mu a kwaleji shekara guda muka yi muna nazarin jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa, kuma a shirye nake in koya wa kowa kyauta. (Mutanen da nake faɗa wa haka, wasu sun fara zane tun ba a haife ni ba.) Sannan na fizge zanen gadon.

Ajin ya yi tsit. Na ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure musu baki, har na fara sunkuyar da kan nan.

Malam Bube ya sa tabarau, ya matso, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wane hannu na na Tambuwal?"

Na nuna masa da fara'a.

"To, da hagu za ku gaishe mu?"

Na juya na kalli faifan. Hagu ne, ba ko shakka. Wani daga baya ya ce, "Ashe tun ba a haɗe ba an fara raina mu." Surutu ya tashi, mutum biyu suka miƙe. Alhaji Sahabi ya dafe kai da hannu biyu. Sai wata mata ta ɗaga murya, "Ku dakata, ai namu ma hagun na!"

Abin da na yi bayan nan shi ya fi komai ciwo. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na ce wai an jingina shi ba daidai ba ne, na kama faifan na juya shi kai ƙasa. Hagu dai ya tsaya a hagunsa. Dariya ta fashe, har waɗanda suka miƙe cikin fushi suka koma suka zauna suna riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye da zanen gado a hannu, ina fatan in lulluɓa da shi.

Inna Kulu ce ta cece ni. Ba ta yi dariya ba, ko kuma ta iya ɓoyewa.

"Ɗana, da wane hannu kaka zane?"

"Da dama, Inna."

"To mi ka kalla kana yi?"

Na ɗaga hannuna na hagu a hankali, kamar ɗalibin da aka kama. Shi na kalla na zana na farko, shi na sake juyawa na zana na biyu.

"Kun ji," ta ce wa jama'a. "Ba raini ba na. Shi kaɗai ya zauna, babu mai ce mishi duba nan. Mu da muka zama gungu muna aiki, kahin ƙarfe ya taɓa ƙwarya ido biyar ya gani."

Malam Bube ya cire tabarau yana share hawayen dariya. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Ni da na aza masu takarda ba su kuskure. In dai haka na, kuna bukatar idonmu kamar yadda muke bukatar titinku. A zauna a yi magana."

Ba a haɗe a ranar ba. An dai zaɓi mutum uku-uku su tsara sharuɗɗa, kuma bayan girbi aka amince: makulli biyu, kowane kaya da sunan mai shi a jiki. Tambarin kuwa matan Kebbe aka ba, suka yi shi a bayan ƙwarya, babu hannu ko ɗaya a ciki. Ba a sa ni a kwamitin ba, ban kuma tambayi dalili ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi kuskure, yi shi a gaban mutum ɗaya, kada ka tara gari biyu ka yi masa jawabi tukuna. Har yau in na haɗu da Malam Bube a ɗakin baje kaya, sai ya ɓoye hagunsa a bayan riga, ya miƙo dama sannu a hankali, ya ce, "Wanga na, Malam. Duba shi da kyau."