Ruwa Muka Nema, Manhajarku Ta Ba Mu Hayaƙi

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Shugaban Sashen Warware Matsaloli na kamfanin da ya ƙera manhajar zana allon lantarki, can ƙasar da ba a ɗauke wuta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan injiniyoyin da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara muku sanyin ofis, amin.

Sunana Barau, mai gyaran rediyo da fitilun sola a Tungar Marke, wani ƙauye a ƙasar Anka. Tun shekarar da gubar dalma ta ɗauke mana yara, ma'aikatan lafiya suka hana mu shan ruwan tafkin da ake wanke dutsen zinariya a ciki, aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai famfon sola. A daminar bana tsawa ta ƙone allon da ke sarrafa famfon. Ɗan kwangilar da ya kafa shi ya sauya lambar waya, irin allon kuma babu shi har Gusau. Sai na miƙe a ƙofar gidan mai gari, gaban dattawa, na ce ni zan zana wani da manhajarku. Dokin mai baki ya fi gudu. Yau mata sun fara komawa tafki da jarkokinsu, ni kuma na tare a shafinku na shawarwarin warware matsala. A kansa nake son in miƙa 'yar godiya.

Na ɗaya. Kun ce idan manhaja ta cije, in duba intanet ɗina. Na duba, ranka ya daɗe. Duk garinmu wuri ɗaya ake samun sabis, wato saman hasumiyar tankin burtsatsen da ya bushe. Can nake hawa da wayata a aljihu. Shin mai rubuta wannan shawara ya taɓa karanta ta hannu ɗaya riƙe da ƙarfen tsani, mata a ƙasa suna tambayarsa ko ruwan ya hau dubowa?

Na biyu. Kun ce in kashe kwamfuta in sake kunnawa. Allah ya saka da alheri, amma wannan hidima akwai mai yi mini ita kyauta. Batirin kwamfutata ya daɗe da rasuwa, don haka a shagon Shitu mai cajin waya nake aiki, janaretansa kuwa ba ya neman izinin kowa kafin ya huta. Abin da ban gane ba shi ne, me ya sa duk sanda aka farfaɗo sai manhajarku ta gaishe ni da farin shafi, kamar ba mu wuni tare ba?

Na uku. Kun ce in zaɓi kayan haɗi daga rumbunku. Rumbu ne mai albarka, na yi ta yawo a ciki har wuyana ya ƙage. Sai dai nawa kayan daga cikin matattun rediyoyi nake ciro su, ko ƙafafunsu ba su zo daidai da na hotonku ba. Na auna su ɗaya bayan ɗaya na zana da kaina. Da na gama, mai duba kurakuranku ya cika mini fuskar kwamfuta da jan alli: wannan layi ya matsi wancan, wannan rami ya cika faɗi. Na bi duka na gyara ban yi musu ba, har ya fito da kore ya ce babu sauran kuskure. Ashe an bar jaki ana dukan taiki.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon a gyara zama. Ku masana'anta kuke aika wa zanenku ta buga muku. Mu nan takardar kalanda mai santsi muke kaiwa Anka a buga mana zanen a kai, mu kifa ta a kan allon jan ƙarfe, mu danne da dutsen guga har tawadar ta kama, sannan mu jiƙa a ruwan asid ya cinye duk inda babu tawada. Dutsen gugar ma na gawayi ne, na maiɗakina Zinatu, wadda har yau ba ta yafe mini tabon da na bar masa ba. Duk abin da aka kifa kuwa, damansa hagu take komawa. Ashe akwai wani ɗan akwati da ake latsawa zane ya juya tun kafin a buga, kun ɓoye shi can ƙuryar manhaja kamar kayan gado. A cikin shawarwarinku kaf babu wadda ta ambace shi. Sirrin gidanku ne, ko kuwa ba a sa ran irinmu za su zo?

Ni da ban san da akwatin ba, haka na buga nawa, allon kuwa ya fito tsaf, gwanin kyau. Ranar haɗawa gari ya taru, jarkoki sun yi layi har bakin masallaci, mai gari ya yi addu'a. Na yi bisimilla na kunna. Sai wani ɗan ƙara, sai hayaƙi siriri ya tashi. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Inna Marka, wadda ta binne jikoki biyu a shekarar gubar, ta dube ni ta ce, “Barau, in hayaƙi na, muna da shi murhu. Ruwa munka zo ɗiba.” Ta ɗauki jarkarta ta nufi hanyar tafki. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

Da na zauna a kan babur ɗina ina jujjuya ƙonannen allon, sai idona ya faɗa madubin babur ɗin. A cikinsa kowane layi yana inda na zana shi. To ga tawa gudummawar, ba sai an biya ba: ku rubuta a saman shafin, da manyan baƙaƙe, cewa mai aiki da dutsen guga ya juya zanensa. Shawarar intanet ta yi haƙuri ta koma ta biyu.

Allon jan ƙarfe ɗaya ya rage mini, na latsa akwatin, Zinatu kuma ta yarda ta hura gawayi. Mai dubawarku ya sake cewa babu kuskure, amma na riga na san darajar maganarsa. Saboda haka, a madadin mutanen Tungar Marke, ina gayyatarka da dukan girmamawa ka zo ka ga aikin manhajarka da idonka. Al'adarmu ce baƙo ba ya buɗe baki sai an miƙa masa ruwa ya sha, kuma ƙin karɓa cin fuska ne. Za mu cika maka kwanon sha fal, in Allah ya so. Na famfo ne ko na tafki, wannan ya rage ga manhajarka.

Naka mai biyayya har abada, mai hawa tanki don jin umarninka,

Barau Mai Rediyo,
Tungar Marke, ƙasar Anka,
Satumba, 2014.