Ranar Da Na Gwada Abincin Sinawa Da Laita

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Birmingham ba, ranar da ƙwarewata ta kai ni bayan gidan mutane da laita a hannu.

Sana'ata gashi ce. Atach na ƙarin gashi, wig, man kitso, duk ina sayarwa a ɗan shagona na unguwar Longsight, kuma da jaka ɗaya na fara, ina bin mata bayan an tashi coci. In kika miƙo min gashi, ko idona a rufe zan gaya miki na mutum ne ko na roba. In na yi shakka sai in cire sili ɗaya in kai masa wuta: na mutum yakan yi ƙauri ya zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Shi ya sa laita ba ta barin jakata (Fasto ya taɓa ganinta, har yau ban tabbata ya yarda da bayanina ba).

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, na ta rage ma'aikata, kwastomomina suka koma wanke tsohon wig suna shanyawa. Shago ya fara tangaɗi. Mafitata ɗaya ce: in daina saye ta hannun 'yan tsakiya, in riƙa sari kai tsaye wurin Madam Lau, wata 'yar China mai babban sito a Birmingham. Na daɗe ina bibiyarta kafin ta ce in zo gidanta cin abincin sabuwar shekararsu, in an gama sai mu yi maganar farashi. Na biya unguwar Erdington ta Birmingham na ɗauki ƙanwata Ladi, wadda take aikin nas, don kada in je ni kaɗai.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Gida cike da dangi, jajayen takardu a manne ko'ina. Mahaifiyar Madam Lau, wata 'yar tsohuwa da ba ta jin Turanci, ita ta yi girkin, kuma ita ta ja ni ta zaunar kusa da ita. Kifi ya zo, kaza ta zo, na ci na yaba. Sai aka kawo wani kwano na laimar kwaɗi a kan ganyen latas, an lulluɓe shi da wani baƙin abu sili-sili, a cukurkuɗe, yana sheƙi. Tsohuwa ta ɗebo mafi yawa ta tula min, tana murmushi tana gyaɗa kai.

Na sunkuya wajen Ladi. “Ke, gashi ne.”

“Yaya, ci kawai. Kowa ci yake.”

“Dubi nasu, dubi nawa. Me ya sa ni aka cika wa?”

“Don ke ce baƙuwa. Please, kar ki ba mu kunya.”

Ni dai mai zuwa coci ce, ina cikin ƙungiyar zumuntar mata, ban yarda da asiri ba. To amma a Kafancan na girma. Gashi a cikin abinci, a gidan mai sayar da gashi, ana saura kaɗan a zauna ciniki? Zuciyata ta ce min ɗaure miki baki za a yi, duk farashin da aka faɗa ki ce to. Wata zuciyar ta ce a'a, ƙila kayan sito ne ya faɗa tukunya. Ko wanne ne, ni ba na yanke hukunci sai na gwada kaya. Da tsohuwa ta juya, na damƙi abin na cusa a tishu, na nemi a nuna min bayan gida.

Na kulle ƙofa, na kunna laita. Abin a jiƙe yake da romo, ya ƙi kamawa. Tishun ne ya kama. Na wurga shi cikin sink, na ƙara masa wani tishun wai don in danne wutar (kada ku tambaye ni hikimar), hayaƙi ya turnuƙe. Tari ya sarƙe ni, na buɗe ƙofa in sha iska, na manta cewa gidajen ƙasar nan kowane lungu da ƙararrawar hayaƙi. Ta kuwa tsala ihu.

Kafin in kashe wutar da ruwan famfo, dangi duka sun cika corridor. Wani yana kaɗa tawul a ƙarƙashin ƙararrawar. Ga ni tsaye, laita a dama, ragowar abincin tsohuwa a hagu, yana ɗiga.

Madam Lau ta dubi hannuna. “Me kike ƙonawa?”

Ƙarya ba ta zo min ba. Na ce, “Ina duba ko na mutum ne.”

Ladi ta juya tana karanta bango, kamar tun haihuwa ta iya rubutun Sinanci. Madam Lau ta fassara wa uwarta. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta shiga kicin ta fito da wata 'yar leda, a ciki ga abin nan a bushe, baƙi wuluk, ta ɗora min a tafin hannu.

Madam Lau ta yi min bayani a hankali, yadda Ladi ke yi wa marar lafiyar da ya ƙi shan magani. Wata irin baƙar gansakuka ce da ke fitowa a busasshiyar ƙasa can arewacin China. Suna cinta a sabuwar shekara don fatan arziki. Gwamnatinsu ta hana tono ta saboda ƙasa na zaizayewa, don haka ta gaskiyar wuyar samu gare ta, kuma wannan ɗin uwarta ta daɗe tana ɓoyon ta. “Ta ji na ce kasuwarki ba ta tafiya,” in ji ta, “shi ya sa ta ba ki har da rabonta.”

Na koma tebur. Tsohuwa ta kankare abin da ya rage a kwano ta zuba min, ta tsare ni da ido har na haɗiye silin ƙarshe. Ba shi da wani ɗanɗano nasa, romon yake sha, yana zamewa a maƙogwaro kamar taliya siririya. Na ce ya yi daɗi, na sake cewa ya yi daɗi.

Da aka zo ciniki, Madam Lau ta faɗi farashinta. Ni da nake iya wuni ina ja-in-ja a kan kwalin man kitso, na buɗe baki na ji na ce, “To.” Sari ya samu, shago ya tsaya da ƙafafunsa, amma a farashin da har yau in na tuna sai na yi tsaki.

A mota, da muka kusa Erdington, Ladi ta ce, “Yaya, to na mutum ne ko na roba?”

Abin da na koya ba shi da yawa. In an sa miki abin da ba ki sani ba a gidan mutane, tambaya kyauta ce, kuma a gaban kowa ake yin ta. Binciken sirri ne ke da tsada, musamman a gidan wadda za ta yanka miki farashi.