Wanda Ya Jira A Roƙe Shi

Ranar Asabar ce, ana yayyafi. Wani ne a Kafanchan ya ji ƙungiyar taimakon gwauraye da marayu tana neman sabon ciyaman. Sun ce mai ƙarfin hali suke so, wanda in ya faɗi magana ba ya janyewa. Babu albashi, amma akwai babur. Mutumin ya ƙwallafa rai, har ya sayi hular kwano ya ɓoye a rumbu.

To, a nan an san yadda ake yi. In an ambaci sunanka a mitin, ba ka tsalle ka karɓa. Sai ka ƙi, a roƙe ka, ka ƙara ƙi, dattawa su sa baki, sannan ka karɓa kamar an aza maka buhun citta. Ya shirya da surukinsa Azariya, Azariya zai ambaci sunansa, kuma shi ne zai fara roƙo.

Abin da bai sani ba, Mama Faustina mai jagorantar zaɓen ba ta daɗe da dawowa daga wani horo a Jos ba. A can aka koya musu aikin sa kai ba a matsa wa kowa.

Da aka zauna mitin, Azariya ya ambaci sunansa. Aka tafa. Mutumin ya miƙe a hankali, dafe da ƙugu.

"Haba jama'a, wane ni? Ga ciwon baya. Ga ido ya yi rauni. Ko awakin gidana ba sa jin maganata."

Mama Faustina ta ce, "Mun gode da gaskiyarka, Baba. A kawo wani sunan."

Mutumin ya tsaya ƙiƙam. Ya kalli Azariya, ya yi tari. Azariya ya tashi.

"Ni dai roƙo na tashi yi. Amma maganar awakin nan gaskiya ce. Jiya ma sun cinye mini rogo." Ya zauna.

Mutumin ya ce, "Ciwon bayan nan fa, in an shafa man zafi yana lafawa."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Mama Faustina.

Jama'a suka ce, "Amin."

"Idon ma ɗaya ne kawai."

"Baba, janye maganarka kake yi? Don mu mai magana ɗaya muke nema."

Ya duba. In ya janye, bai cancanta ba. In bai janye ba, ya ƙi. Ya share gumi, ya ce, "Ban janye ba."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Wata tsohuwa har da guɗa. Aka yi addu'a aka watse, ba a zaɓi kowa ba.

Washegari tun kafin a buga ƙararrawar sujada a coci ya nufi gidan Mama Faustina. Duk hanya yana maimaitawa, "Na karɓa. Na karɓa." Ya same ta a bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali.

Ta ce, "Baba, gara da ka zo. Bayan ka tafi kwamiti ya zauna. Kowa ya ce kai ne dai. An ce in tambaye ka sau ɗaya tak. Za ka karɓa?"

Mutumin ya buɗe baki. Baki ne da ya tsufa a mitin.

"Haba Mama, wane ni?"

Ta ja ƙofa ta sa kwado.

"Ai na gaya musu. Irinku ba ku canja magana."