Yadda Za Ka Kori Titi Daga Ƙauyenku Da Karamci

Kai mai unguwa, na ji masu tsara gari za su zo ganin wuyar da kuke sha kafin ku kai asibitin Makarfi, don a san inda za a ja titi. Ga matarka Naja'atu da tsohon ciki, ga damina ta kankama. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ko jikanka ba zai taka kwalta ba.

1. Rufa wa gari asiri

Baƙi su ga ramukanku? Ina, abin kunya ne. Kira gayya a cike su da ƙasa da ɓawon rake, mata su bi hanyar da tsintsiya.

2. Kada ƙafarsu ta taɓa ruwa

A bakin rafi, sa Mamuda, ƙaton garinku, ya goya injiniya. In ya tambaya ko kullum haka ake fama, a ce masa ai tsofaffi ma da gudu suke tsallakewa. Mamuda ya riƙe nishinsa sai baƙi sun tafi.

3. Cika musu ciki

Fura, gasasshiyar masara, zabbi. A dogon bincikena, mutumin da ya ƙoshi ko'ina kusa yake gani.

4. Amsa irin ta ɗan mutunci

Za su tambayi nisan asibiti. Turo leɓe gabas ka ce nan ne bayan kukar can. Kada ka faɗi wace kuka. In Naja'atu ta ɗaga murya daga bayan zana tana cewa wancan cikin a amalanke aka kai ta, yi tari mai ƙarfi, ka ce rediyo ce.

5. Karɓi yabo

Za su ce ba su taɓa ganin garin da ya huta kamar naku ba, su kai titin wani wuri. Ɗora musu damin rake, ka yi ta godiya.

6. Ranar naƙuda

Ruwa ya wanke cikon, rafi ya kawo, Mamuda yana kwance da ciwon baya. Ɗora Naja'atu a amalanken ka tura da kanka, tsoro yana cinka. A bakin rafin za ta damƙo rigarka ta ce, "Malam, gaya wa ruwan nan mu ma baƙi ne."

Ni dai ba ungozoma ba ne, kuma ban iya iyo ba. In surukanka na Likoro suka iso da sanduna, ban taɓa ganinka ba.