Na zuba direba, na share shi da hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata ce. A ɗakin akwai direktan makarantarmu ta Guci, da malamai biyu, da maigadinmu Baba Ilu, sai ni sirbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, kuma mai riƙe da mabuɗin ɗakin ordinater, wato kwamfuta.

An kawo mana ordinater mai Linux, an ƙara mata kart girafik, wato abin da ke fitar da hoto. Sai dai hoton a miƙe yake fitowa, kowane mutum kamar an danne shi da turmi. Jibi kuma za a haska wa iyayen yara fim. Direkta ya ce in na kasa, mabuɗin zai koma hannun malamin lissafi (mutumin da ko alli ba ya mayarwa wurinsa).

Na kira wan matata a Damagaram. Ya ce direban kart ɗin ne babu, wato manhajar da ke sa shi aiki, su masu sana'ar suna ce masa pilot, ya turo mini hotuna uku na abin da zan rubuta. Rezon waya a Guci sai ya ga dama, hotunan suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ya riga babban. Ni kuwa yadda suka iso haka na kwafe su a kaye, littafina na rubutu, da jan biro: na ɗaya, na biyu, na uku.

Sau huɗu na bi su, sau huɗu hoton bai canza ba. Na miƙe na sanar cewa kart ɗin ya mutu, har na ƙara da nasiha a kan muhimmancin bin tsari.

Baba Ilu ya nemi in fassara masa matakan da Hausa. Na gyara murya na ce da farko a kashe a kunna, sannan a zuba sabon direba, daga ƙarshe a share duk direban da ke ciki.

Ya ce, “Malam, wato sai ka shuka gero, sannan ka bi gonar ka sa mata wuta?”

Direkta ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na zauna, na juya lambobin. Na share, na zuba, na kashe na kunna. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar hoto ya fito tar, fuskar mutum ta koma ta mutum. Ranar Alhamis iyaye suka cika ɗaki, babu wanda ya tashi sai da fim ya ƙare, kuma ni na haska.

Abin da na koya shi ne jan biro ba ya mayar da na uku na ɗaya. Don Allah mai karatu, in an turo maka matakai, kafin ka taɓa komai ka karanta wa wani tsoho su da Hausa, a inda babu direkta.