Gaisuwar Suruki a Kan Keke

Wani ne a wajen Karaye, zamanin da babur sai gidan wane da wane, yana da wani tsohon keken ƙarfe da ya gada wurin babansa. Irin keken nan ne na da, mai nauyin tsiya, wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi ta ɗingishi har kaka. Tsatsa ta cinye shi, sirdi ya zama tsumma, ƙararrawa ta daɗe da yin shiru, sauran jikin ne ke ƙara. Ga shi kullum hagu yake ja. Mutumin naka tun yana saurayi ya saba, da ya hau sai ya karkata kafaɗa dama, ya danne kan keken, su daidaita a tsakiya. Shi a saninsa haka kowa ke hawan keke.

Ana nan sai ya faɗa son wata bazawara a Zoza, sunanta Turai. Ita ba ta ƙi ba. Amma babanta, Malam Gwadabe, ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai gani ba. A turo shi ranar Juma'a da la'asar ya zo gaisuwa, a ga natsuwarsa. In aka ga rawar kai, magana ta mutu.

Gogan naka ya ce ai natsuwa daga abin hawa take farawa. Ya gangara kasuwar Rogo wurin Lukumanu mai gyaran keke.

"Lukumanu, so nake ka mai da shi ango. Fenti, geza, madubi biyu, ƙararrawa mai amo."

Lukumanu ya tsuguna gaban keken, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe yana kallon fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Ya kankare tsatsar wuyansa, ya bi da babban yatsa yana neman tsagewa. Sannan ya kama sirdi ya tura keken a hankali, keke ya yi hagu kamar an kira shi.

"Maigida, wannan keken da wa ya taɓa yin karo?"

"Da bijimin Fulani, tun Baba na da rai. Amma bijimin ne ya fi jin jiki."

"To fok ɗinka ya lanƙwashe. Allah ya so ka bai tsage ba, da tuni ka kwana asibiti. Sai an miƙe shi."

"Kai dai yi fenti."

"Ba na fenti a kan karkatacce. Gobe a ce aikin Lukumanu ne."

Ya zare fok ɗin, ya maƙale shi a gwafar bishiya, ya zura dogon bututun ƙarfe, ya ja, ya duba, ya sake ja, har ƙafafun biyu suka zo daidai. Ya goge tsatsa, ya canza wayoyin taya da suka karye, ya sa sabon sirdi da sabuwar ƙararrawa da sabuwar robar birki, ya shafe shi da baƙin fenti. Ranar Juma'a da hantsi keke ya fito yana walƙiya, har mai shi ya kusa gaishe shi.

"Hau ka gwada," in ji Lukumanu.

"In hau? A kan sabon fenti? Ai sai a ƙofar gidansu!"

Ya tura abinsa. Da ya zo wurin masu man gyaɗa ya ga gefen ƙafafun keken bai kai fentin sheƙi ba. Ya sayi mai ya mulke su tas, har robar birki ya shafa wa, wai kada ta yi ƙara a gaban manya. Ya ɗora keke a motar kasuwa, ya rungume shi har Zoza.

A bakin gari ya gyara babbar riga, ya ɗaure ƙunshin goro a kariyar bayan keke, ya yi bisimilla ya haye. Hanyar gangara ce. Can ga Malam Gwadabe a kan tabarma ƙofar gida, shi da amininsa Malam Jibo. Mutumin naka ya karkata kafaɗa dama yadda ya saba, ya danne. Yau kuwa babu mai ja hagu, sai keke ya yi dama. Ya matse birki, birki ya ce bai san zancen ba.

"Salamu alaikuuum!"

Fiii, ya wuce su, ya sha kwanar danga ta dama, ya ɓace.

Malam Gwadabe ya dubi Malam Jibo. "Wane ne wannan?"

"Ina jin baƙon namu ne."

A bayan gida ya gwada tsayawa. Duk sanda ya sassauta feda sai keken ya nemi kayar da shi dama. Faɗuwa a gidan surukai kuwa, gara ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya ƙara wuta. Kwana ta dama, wata kwanar ta dama, sai ga shi ya ɓullo ta inda ya fito.

"Baba, ina wuni!"

"Lafiya l..." Ya ɓace.

Malam Jibo ya ce, "Riƙe amsarka, Malam, yanzu zai dawo."

Yana zagayowa ya tuna ba a gaida suruki da takalmi. Ya wurgo na dama a gefen tabarma.

"Ina gajiya!"

A zuwa na gaba ya wurgo na hagu, ya faɗa kan buta.

"Yaya iyali!"

Yanzu ga ƙafa babu takalmi, bayan gidan kuwa duk tsidau ne, maganar sa ƙafa a ƙasa ta ƙare. Ya tuna kuma ba a gaida babba a tsaye, sai ya kwanta a kan keken, haɓa a kan ƙararrawa, wai ya durƙusa. Ƙararrawa ta kama kiriri-kiriri. Kaji suka watse, matan unguwa suka leƙo ta kan danga, masu dawowa daga gona suka ajiye fartanya suna yi masa kirari.

"Yaya amfanin gona!"

"Mun gode Allah! Kai, tsaya mana!"

"Yanzu, Baba!"

Ya ɓace. Da ya dawo ya miƙa hannu baya ya cillo ƙunshin goro, ya sauka daidai cinyar Malam Jibo. Malam Jibo ya kwance, ya ɗauki ɗaya ya ɓantara.

"Yaron dai yana da ladabi. Babu abin da ya tsallake."

Ran Malam Gwadabe ya ɓaci. Ya miƙe, ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"Natsuwa na ce a nuna mini! Wannan ne zan ba 'yata? Mutumin da ko wuri ɗaya ba ya iya tsayawa?"

Daidai lokacin gogan naka ya sake ɓullowa, gumi sharkaf, hula ta rufe ido ɗaya, ya ji komai. Zuciyarsa ta karye, ya tabbata Turai ta kuɓuce masa. Amma ƙafa ba ta daina taka feda ba.

Sai muryar Turai daga cikin zaure, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Baba, don Allah a ba shi. Mijina na fari sau ɗaya ya ce bari ya je Ikko ya dawo, har yau shiru. Wannan kuwa tun ɗazu yake tafiya yana dawowa!"