Sarkin Ruwan Summerfield

Wanda bai ga Alhaji Alassane ba, bai ga arziki ba. Da jaka ɗaya ya sauka Greensboro ta Amurka, yau ga shi da gida a Summerfield, dawakan Turawa ne maƙwabtansa, kogi kuma yana gudu a bayan filinsa. Ranar da ya karɓi makullin gidan, a 2006, ya naɗa kansa Sarkin Ruwa. Bai iya iyo ba, bai taɓa riƙe fatsa ba, amma wa ya ce sarauta sai an jiƙa ƙafa?

Wata 'yar hanya ce ta ratsa filin zuwa bakin ruwa, tsohon mai gidan bai taɓa hana kowa bi ba. Ta nan Anti Perpetua da 'yan cocinsu kan jawo kwalekwalensu. Ta nan Malam Djibrilla, dattijon da ya tashi a bakin kogi a Gaya, yake bi duk Lahadi da fatsa da adda, yana sare duk abin da ya tare hanya. Mako guda yana goge daɓen ofisoshi, a bakin ruwan nan kaɗai yake jin ƙanshin gida.

Sarki ya kafa ƙofar ƙarfe, ya danna mata kwaɗo.

"Malam, nan Amurka ce," in ji shi, yana shafa tumbi. "Propriété privée, fili nawa ne ni kaɗai! A ƙasar nan ruwa ma yana da mai shi. In kifi kake so, ga kanti can."

Tsohon ya daɗe yana leƙen ruwan ta tsakanin ƙarafa, ya ce, "To, Alhaji," ya juya. Wallahi abin ya ba ni tausayi.

Sarki ya sayi jirgin ruwa, ya sa aka rubuta sunansa a jiki. Da shekara ta zagayo ya gayyato manya daga Irving Park, unguwar masu kuɗi, bikin saka jirgi a ruwa. Ya sha shadda, ya ɗora hular kyaftin, ya yi jawabi a kan tarihin kakanninsa da ruwa, sannan ya buɗe kwaɗo.

Babu hanya. Ciyawar nan mai yaɗo, kudzu, ta haɗiye ta tas, tunda babu ƙafa babu adda. Sarki ya kutsa don kada a raina shi. Ƙaya ta yage shadda, ganyen ƙaiƙayi ya gaishe shi har wuya, wani abu ya yi motsi a ƙasa, sai ga mai martaba a guje da takalmi ɗaya. Baƙi suka ci shinkafa suna kallon jirgi a kan tayoyi.

Yanzu in ya yi baƙo, sai ya kai shi gadar titi ya nuna masa koginsa daga nesa. Can waɗanda ya kora suke jefa fatsa, a cunkushe, motoci na watsa musu ƙura. Malam Djibrilla yakan ɗan matsa gefe.

"Bismillah, Alhaji, tsaya nan. Gada ta kowa ce."